Kada Wanda Ya Rufe Kwamfutar Injiniya

Ana tsakiyar taron mazauna benen, ana maganar makullan get da ke yawan ɓacewa, sai Injiniya ya miƙe ya ce shi wallahi kunya yake ji abokan aikinsa su san cewa a gidan da yake zaune har yau da hannu ake tura ƙofa.

Ba wanda ya ba shi sunan Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa ranar da ya tare, ya bi ƙofa-ƙofa ya tabbatar kowa ya ji. Aikinsa rubuta manhaja a wani kamfani, kuma a yadda yake ba da labari, ranar da bai je ofis ba ko fanka ba ta juyawa.

"Baba Hedimasta," ya ce da tsohon shugaban makarantar da ke jan taron, "ku bar min gidan nan. Ƙwaƙwalwa zan sa masa. Mutum yana kwance a gadonsa zai danna waya, get ya buɗe. Injin ruwa zai san tanki ya cika ba sai an hau an leƙa ba. Ƙaramin aiki ne."

Tela, wadda ke ɗinki a ɗakin ƙasa, ta ce, "To Injiniya, in wayar mutum ba caji fa?"

"Anti, wanda wayarsa ba caji a wannan zamanin, zaman gida ya fi masa alheri."

"Ni dai kada a taɓa min hanyar fita," in ji Direba, mai tasi. "Da motar nan nake ci da iyali."

"Malam Direba, kafin ka gama ɗaura bel, get ya riga ya wangale yana jiranka."

Matarsa, Maman 'Yan Biyu, tana zaune can baya tana duba farcenta kamar yau ta fara ganinsa. Ita ta san abin da ya faru da firjinsu ranar da aka sa masa ƙwaƙwalwa.

Aka amince. Aka kawo inji aka ɗaura wa get. Injiniya ya kira mai walda ya liƙe ƙaramar ƙofar da masu tafiya a ƙafa ke bi, wai ta nan ɓarayi ke raina gida. Ya bi ɗaki-ɗaki da bokiti ya tattara makullan kowa, ya miƙa wa mai gwangwan, don kada wani ya koma zamanin duhu. Ranar buɗewa kowa ya fito tsakar gida da wayarsa. Maɓalli ɗaya ne tak a manhajar: ka danna get ya buɗe, ka sake dannawa ya rufe. Hedimasta ya gyara tabarau ya danna. Get ya zame gefe a hankali, da ladabi, kamar ɗalibin da ya ga malami.

"Ikon Allah," in ji Hedimasta. "To shi wa ke ba shi umarni?"

"Saba, Baba. Wata ƙatuwar kwamfuta ce da ba a kashewa. Tamu tana can ƙasar waje, cikin ɗaki mai sanyi, da masu gadi."

Gaskiyar maganar ita ce sabar tana hawa na biyu, a kan teburin cin abincinsa. Kwamfutarsa ce ta hannu, mai murfi. Duk wanda ya danna waya, saƙon wajenta yake zuwa, ita take gaya wa get ya motsa. Kuma kwamfutar ma ba tasa ba ce, ta ofis ce. Manajarsu, mace mai magana ƙasa-ƙasa wadda ba ta maimaita zance, ta taɓa kama shi yana yi wa wani ɗan uwansa manhajar sayar da kaji a cikinta. Abin da ta ce masa ba shi da tsawo: in ta sake ganin abin da ba na kamfani ba a kwamfutar nan, ya ajiye ta tare da katin shiga ofis, ya kama gabansa.

Washegari da safe yana wanka, Maman 'Yan Biyu ta zo ajiye faranti ta ga ba wuri, ta rufe murfin kwamfutar ta ture ta gefe. Ba a jima ba hon ɗin Direba ya cika gidan. Injiniya ya fito da tawul, kumfa a kunne.

"Wa ya rufe ta?"

"Ni. Shayi zan ajiye."

Ya buɗe murfin da hannu biyu. Can ƙasa aka ji get ya yi gurnani ya zame, ya ɗan dawo, ya sake zamewa. Hon ya tsaya. Maman 'Yan Biyu ta dubi taga, ta dubi kwamfutar, ta dubi mijinta.

"Baban 'Yan Biyu, wato ƙasar wajen ke nan?"

"Na ɗan lokaci ne."

"Gidan nan gaba ɗaya, da mutanensa da motocinsa, yana ƙarƙashin murfin nan?"

"Ke ba za ki gane ba. Tsari ne."

"Na gane ta ofis ce. Na kuma gane abin da matar nan ta ce maka."

"Wa zai gaya mata? Get?"

Da ya sauko, ya yi wa maƙwabta bayanin cewa matsalar daga can ce, an yi musu ruwan ƙanƙara. Hedimasta ya jinjina kai ya ce Allah ya kawo musu sauƙi.

A ranar ya yi ƙoƙarin mayar da manhajar cikin tsohuwar kwamfutar matarsa. Ta ƙi. Ya ari ta wani abokinsa, ita ma ta ƙi. Rabin abin da ke cikin manhajar daga intanet ya kwaso shi, guntu nan guntu can, ya haɗa har abin ya tashi, kuma shi kansa bai san dalilin tashinsa ba.

"A tawa dai yana aiki," ya ce da matarsa, kamar ita ce ta yi gardama.

Ya nemi ya hana kwamfutar barci in an rufe murfi, ya tarar ofis ya kulle wannan wurin, sai an je an roƙi masu kula da na'urori. Su kuwa tambaya ɗaya za su yi: don me?

Daga nan Injiniya ya zama mutumin da ke yawo da kwamfuta a buɗe. Yana sauka daga bene da ita a tafin hannu kamar mai raba abinci a otal, wayarsa a aljihun gaba tana shayar da ita data. A bas yakan roƙi na kusa da taga ya ba shi wuri don sabis. A shagon aski ya ɗora ta a cinya, gashi na zuba tsakanin haruffa. Ranar da ya shiga tasin Direba, Direba ya dube shi ta madubi.

"Injiniya, rufe ta mana ka huta."

"Tunani take yi."

"Tunanin me?"

"Abin da ya fi ƙarfin mai tuƙi."

"To Allah ya sa ba tunanin get ɗinmu ba ne, don jiya sau biyu yana rawar sanyi."

A ofis kuwa abokin aikinsa Dogo ya lura cewa har bayi da ita yake shiga.

"Kai, wai haihuwarta ka yi ne?"

"Wani babban gwaji nake yi, Dogo. In na gama za ka karanta a jarida."

Wata rana bas ɗinsu ya tsaya cikin cunkoso a ƙarƙashin gada, inda sabis ba ya kaiwa. Injin ruwa bai sami umarni ba, tanki ya ƙafe. Da yamma Hedimasta ya tare shi a matakala, idanunsa jajur.

"Injiniya, a shekaruna, na tsaya da sabulu a fuska ina kiran matata ta kawo min ruwan firji. Mutanen ƙasar wajen nan ba su da iyaye ne?"

"Zan yi musu magana da kakkausar murya, Baba."

Ƙwanƙwasa ƙofa ya yi yawa. Tela ta zo, wai mai kaya ta tsaya a waje har ta yi fushi ta tafi. Direba ya zo. Matar hawa na uku ta zo da jariri a kafaɗa, ta dai tsaya tana kallonsa. Wani mai hankali da sai ya kira mai walda ya buɗe ƙaramar ƙofa. Injiniya ya zauna ya ƙara wa manhajar akwatin ƙorafi: duk mai magana ya rubuta a waya, saƙon ya faɗo a allon kwamfutarsa.

"Haka manyan kamfanonin duniya ke yi," ya ce. "Ba a zuwa gidan mai kamfani."

"Mai kamfanin da ke aron dutsen gugata," in ji Tela.

Ana cikin haka Manaja ta ce wasu baƙi za su zo daga wani kamfanin inshora su ga manhajar da ake yi musu, kuma ɓangaren Injiniya za a fara nunawa. Ya sa aka goge masa kwat. Ya shaida wa duk wanda ya haɗu da shi a matakala cewa yau zai girgiza masu kuɗi.

Yana cikin bas, kwamfuta a cinya, sai allon ya yi shuɗi. Ofis ya turo sabuntawa: a jira, kada a kashe. Ya danna wannan, ya danna wancan. Wani ɗan zobe ya ci gaba da juyawa a tsakiyar allon ba tare da gaggawa ba.

Tsohuwar da ke gefensa ta leƙa. "Ɗana, ta mutu ne?"

"Hutawa take, Mama."

Wayarsa ta fara ƙara. Ya mayar da ita shiru.

A gida lokacin fita aiki ne. Mutane sun taru a bayan get, kowa da waya a hannu, kowa yana dannawa. Direba yana dannawa kamar mai kashe tururuwa. Tela tana danna tata da ta maƙwabciyarta. Hedimasta yana dannawa, ya jira, ya goge allon da gefen riga, ya sake dannawa. Abin da ba su sani ba shi ne Injiniya ya tsara manhajar yadda ba dannawar da za ta ɓata. In kwamfutar ba ta ji ba, sai saƙonnin su yi layi su jira ta farka.

Ta farka ne bayan ya isa ofis. Ya tayar da manhajar gidan a gurguje, ya ɓoye ta a bayan ta baƙi, ya ja dogon numfashi, ya gyara kwat ya nufi ɗakin taro.

A gida get ya fara biyan kowa haƙƙinsa. Ya buɗe. Ya rufe. Ya buɗe. Ya rufe. Kowace dannawa ta safiyar nan sai da ya bi ta, ɗaya bayan ɗaya, yana kai da komo kamar bakin saniya mai tuƙa. Mutane suka ja baya suna kallo. Wani ma'aikacin banki ya rungume jakarsa, ya auna, ya faɗa da gudu ya fita. Sai sauran suka bi, ɗaya-ɗaya, kamar yara a wasan tsallaken igiya. Get ya kama gefen mayafin Tela, ya sake shi, ya sake kamawa. Hedimasta ya fita da sandarsa a sama, da saurin da matarsa ta ce rabonta da ganinsa tun suna saurayi da budurwa.

Direba ya tayar da mota, ya jira get ya wangale, ya taka. Motar ta fita. Bombar baya ta tsaya a ciki, sannan get ya tura ta waje.

Ya fito ya ɗauki bombar, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya wajen Maman 'Yan Biyu, wadda ta fito ƙarshe ba tare da ko gudu ba.

"Maman 'Yan Biyu, mai gidanki ba ya ɗaukar waya. Kin san ofishinsu?"

Ta dubi mayafin Tela da ya yage, ta dubi Hedimasta da ke haki a jikin bango.

"Na san shi," ta ce, ta buɗe gaban mota ta shiga.

A ɗakin taro an jona kwamfutar Injiniya da majigi, allonta ya cika bango. Baƙi uku suna zaune, Manaja a gefe da hannuwa a naɗe, Dogo a kusa da ƙofa. Injiniya ya daɗe yana gabatar da kansa kafin ya gabatar da manhajar.

"Ni abin da na rubuta bai san faɗuwa ba," yake cewa. "Ko wuta ta ɗauke a duniya baki ɗaya..."

Wani ɗan akwati ya faɗo a kusurwar allon. Babban cikin baƙin, mai furfura a gemu, ya karanta a fili.

"Injiniya, get ya cinye min bomba."

Injiniya ya share shi. Wani ya faɗo.

"Ka ji tsoron Allah. Mayafin nan sabo ne."

Ya share. Na uku ya fi tsawo, sai da mai furfura ya sa tabarau.

"Zuwa ga Injiniya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Dalilin rubuto maka shi ne in sanar da kai cewa yau na yi gudu."

Dogo ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa na rawa. Manaja ba ta motsa ba.

"Mene ne wannan?" ta ce.

Injiniya ya yi dariya mai faɗi. "Gwaji ne, ranki ya daɗe. Ai kin san aikinmu, kafin a ba mutanen gaske manhaja sai an ƙirƙiro na ƙarya an gwada da su. Ni kuma ba na son gwajin da ba rai. Sai na ƙirƙiro wani tsohon hedimasta mai surutu, da wata tela wadda ba ta da aiki sai ƙorafi, da wani direba da motarsa ta riga ta mutu tana yawo. Duk babu su a duniya. Daga kaina suka fito."

Dogo ne ya buɗe ƙofar, don ya ji ana taɓa ta tun ɗazu. Bomba ce ta fara shigowa, Direba a bayanta. Sai Tela da mayafi a hannu. Sai Hedimasta. Maman 'Yan Biyu ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba, ba ta kuma koma ba.

"Salamu alaikum," in ji Direba. "Ga mu, mu da babu mu a duniya."

"Ni ce ba ni da aiki sai ƙorafi?" in ji Tela. "Wandon da ke jikinka wa ya rage masa ƙugu?"

Hedimasta ya ɗaga sanda ya nemi a yi shiru, ya gaida Manaja da baƙi kowa da matsayinsa, sannan ya faɗi abin da ya faru tun daga bokitin makullai har zuwa gudun safiya, bai tsallake sabulu ba. Ya rufe da cewa su ba su zo da rigima ba. Lambar mutanen ƙasar wajen nan kawai suke so, su yi magana da su da kansu, tunda a can sabar take.

"A can take?" Manaja ta tambayi Injiniya.

"Wato, ranki ya daɗe, in aka ce ƙasar waje, a fannin fasaha..."

Manaja ta bar shi ta dubi matar da ke bakin ƙofa. Maman 'Yan Biyu kuwa idonta kawai ta sauke a kan teburi, inda kwamfutar take. Kowa ya bi idon nata.

Manaja ta tashi, ta zare igiyar majigi, ta sa yatsa ɗaya a kan murfin.

"Ranki ya daɗe, in kika rufe, get ɗin zai..."

"Get ɗin kamfani ne?"

Ta rufe. Ta miƙa hannu. "Katin."

Ya cire shi daga wuya ya ba ta. Mai furfura ya matso kusa da Direba, ya shafa bombar, ya tambaye shi a hankali ko motar tana da inshora, ya zura masa katinsa a aljihu.

A hanyar komawa an matse Injiniya a baya tsakanin Tela da Hedimasta, bomba a kan cinyoyinsu. Hannuwansa sun rasa abin riƙewa, sai ya riƙe ta. Ba su yi nisa ba ya gyara murya.

"Dama ina shirin barinsu. Wurin ya yi min kaɗan. Kamfanina zan buɗe, kuma ku ne za ku fara..."

Direba ya ƙure rediyo.

Suka tarar da get a rufe ruf, daidai inda umarni na ƙarshe ya bar shi. Injin ruwa kuma an bar shi a kunne, tanki ya cika yana ambaliya, ruwa na gangarowa ta ƙarƙashin get zuwa titi. Duk mai ƙafa ya riga ya fice tun safe. Akwai wani ɗan ƙarfe a jikin injin get, ta ciki, wanda in an ja shi ana iya turawa da hannu, kuma Injiniya kaɗai ya san inda yake.

"Bismillah," in ji Hedimasta, ya nuna masa sama da sanda.

Ya cire takalmi, ya taka bayan tasi, ya kama ƙarfe ya hau. Ya kai ƙafa ɗaya ciki lafiya. Da ya zo ɗaga ta biyu, tsinin saman get ya shige bayan wandonsa ya fito ta wajen bel. Ya yi gaba, ya ƙi. Ya yi baya, aka ji ƙyat. Ya tsaya a can sama, rabi a gida rabi a titi, kwat ta rufo masa kai.

"A hankali da wandon nan," in ji Tela. "Ɗinkina ba ya saki, sai dai yadin."

Masu wucewa suka fara tsayawa. Mai shagon aski ya fito da almakashi a hannu. Wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Daga ƙarƙashin kwat ana jin muryar Injiniya yana yi wa jama'a bayanin cewa tsarin kansa lafiya lau yake, masu amfani da shi ne ba su da horo.

Wata mata da kwandon cefane ta matso kusa da Maman 'Yan Biyu, wadda ke tsaye nesa kaɗan inda ruwa bai kai ba.

"Baiwar Allah, ɓarawo aka kama?"

Maman 'Yan Biyu ta ɗaga kai ta dubi mijinta, ta gyara jakarta a kafaɗa.

"A'a," ta ce. "Ɓarawo ai yana da sana'a."